Amsoshin Tambayoyinku: Kurɓa da Tofarwa

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: me ya sa Faransawa ke kurɓar giyar inabi su tofar idan sun haɗu da abokai?

To Malam, ɗanɗanawa suke yi don su gwada wannan da waccan, kuma wanda ya haɗiye kowane kofi ai ba zai iya bambancewa ba. Sukan fara da marasa zaƙi, kamar jar giya. Launinta da baurinta, irin baurin goro, daga ɓawon inabi suke fitowa. Mai zaƙi sai a ƙarshe, domin zaƙi yana danne harshe. A yankin Sauternes, kusa da Bordo, inda ake yin irin wannan mai zaƙi, wata fumfuna ce ke sa inabin ya yanƙwane har zaƙinsa ya taru. A jerin darajar giyoyin Bordo na 1855, giyar Château d'Yquem ta wannan yanki aka ɗora saman masu zaƙi.