Birkin ABS: Abin da Ya Kamata Kowane Direba Ya Sani

Idan damina ta kankama a Ikko, musamman a watannin Yuni da Yuli, kwalta takan yi santsi tun daga Agege har zuwa Oshodi. Direban da ya danna birki da ƙarfi a irin wannan hanya, tayoyinsa sukan cije, mota ta shiga zamewa, sitiyari kuma ya ƙi jin magana. Maganin wannan shi ne birkin ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na ƙasar Jamus suka fito da irinsa na zamani a shekarar 1978.

Yadda Yake Aiki

A jikin ƙafafun mota akwai 'yan na'urori masu ƙidaya juyawar tayoyi, suna aika labari ta waya zuwa ga wata ƙaramar kwamfuta. Da zarar kwamfutar ta lura wata taya tana shirin cijewa, sai ta sassauta mata matsin man birki, ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Ta haka taya ba ta daina juyawa, direba kuma ya sami ikon kauce wa ɗan acaɓa ko mai talla.

A lokacin nan direba zai ji birki yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan ba lalacewa ba ce. Kada ya ɗaga ƙafa. Ya ci gaba da dannewa, yana sarrafa sitiyari.

Idan Na'ura Ta Sami Matsala

Fitilar ABS takan kama idan an tayar da mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa, galibi taɓo ne ya rufe na'urar wata ƙafa, ko kuwa wayarta ta tsinke. Daga nan kwamfuta takan janye hannunta. Birki na asali yana nan yana kamawa, amma tayoyi suna iya cijewa kamar na tsohuwar mota. Wajibi ne direba ya rage gudu, ya ƙara rata, ya nufi wurin bakanike. In jar fitilar birki ta kama tare da ita, to, ya tsaya nan take.

Ana gargaɗin masu sayen motocin hannu su tabbata fitilar tana kamawa yayin tayarwa, domin akwai masu cire ƙwanta don ɓoye aibu.

A tuna kuma, a kan yashi ko tsakuwa mota mai ABS tana iya yin nisa kafin ta tsaya. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.