Yadda Ake Samun Taswirar Hanyoyin Jihar Kebbi a Waya da Kwamfuta

Titin Birnin Kebbi zuwa Argungu ba ya buƙatar taswira. Kimanin kilomita 50 ne, ya bi ta Ambursa, kowane direban tasha ya san shi. Matsalar tana farawa ne idan an sauka daga kwalta: mai kai taki gonar shinkafa a fadamar Rima, ma'aikacin rigakafi da aka tura ƙauye, ko baƙon da ya zo bikin kamun kifi yana neman Matan Fada. A irin waɗannan wurare netiwok ke ɗaukewa, kuma a nan ne aka fi buƙatar taswirar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS na waya ba ya cin data. Daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye. Hoton taswirar ne ke buƙatar intanet, don haka idan an sauke shi tun a gari, ɗigon nan mai launin shuɗi zai ci gaba da nuna inda mutum yake ko babu layi ko ɗaya.

A Google Maps, a danna hoton asusu da ke sama a dama, a shiga Offline maps, sannan Select your own map. Wani akwati zai fito, sai a ja shi ya rufe yankin da ake so. Jihar Kebbi doguwa ce, daga Arewa da Augie har Yauri da Ngaski, ga Zuru can gabas, don haka akwati ɗaya zai haɗiye wani sashe na Sakkwato, Zamfara da Neja, fayil ya yi nauyi a banza. Gara a yanka biyu: Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Kamba a ɗaya, kudu a ɗaya. Taswirar da aka sauke tana ba da hanyar mota kawai, ba ta nuna cunkoso, kuma tana da wa'adi, sai an riƙa sabunta ta.

Bai kamata a tsaya nan ba. Akwai OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004, kuma manhajojin Organic Maps da OsmAnd da ita suke aiki. Organic Maps kyauta ce gaba ɗaya, ba ta da nauyi ga ƙaramar waya. OsmAnd ta fi kayan aiki, amma ta kyautar ta taƙaita yawan taswirar da za a sauke. Amfanin riƙe biyu shi ne burtalin da babu a wannan yakan fito a waccan. Inda suka saɓa, a nan ne ya dace a tsaya a yi tambaya.

Sai batun rubutun suna, wanda ke ɓata wa mutane lokaci fiye da komai. Aliero yakan fito da Aleiro, Yauri da Yelwa, ƙananan ƙauyuka kuma wasu ba a sa musu suna ba sam. Idan bincike ya ƙi, a gwada wani rubutun, ko a sa wanda ke can ya turo lambobin wurin ta WhatsApp, a liƙa su a wurin bincike.

Ga mai haɗa manhaja ko ɗalibin da ke son hanyoyin a matsayin bayanai, shafin Geofabrik yana ba da fayil ɗin Najeriya na OpenStreetMap, ana sabunta shi kullum. A buɗe shi da QGIS, wadda kyauta ce, a yanke iyakar Kebbi, a tace layukan da ke ɗauke da alamar highway. GRID3 kuma tana da iyakokin mazaɓu da matsugunai. Lasisin OpenStreetMap ya yarda a yi amfani da bayanan har a kasuwanci, muddin an ambaci tushe. Kwafe hanyoyin Google zuwa wata manhaja kuwa ya saɓa wa sharuɗɗansu, komai sauƙin yin hakan.

Taswirar takarda ta hukuma tana Ofishin Babban Safiyo na Tarayya a Abuja, sai kuma ma'aikatar filaye ta jiha. A duba shekarar bugu kafin a biya. An cire Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, saboda haka duk wadda ta girmi wannan rana ba za ta nuna jihar ba, balle ƙananan hukumominta 21.

Akwai abu ɗaya da babu wadda ta iya a cikinsu: sanin damina. Hanyar da babur ke bi a watan Maris tana iya zama sai da kwalekwale a Satumba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi a jihar. Manhaja za ta ci gaba da nuna layin nan lafiya lau, har da mintunan isa. Daga Agusta zuwa Oktoba, duk hanyar da ta ratsa fadama a tabbatar da ita wurin direbobin tasha ko 'yan kabu-kabu kafin a ɗora kaya.