Darasi: Takin ruwa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san halin da gonakinmu ke ciki. Daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, ƙasa ta gaji. Takin zamani kuma ya yi tsada, musamman tun 2022. To, akwai wani taki a cikin gidanka wanda kake zubarwa kullum. Fitsari ne. Kar ka yi dariya, ka saurara tukuna.

A cikin fitsari akwai ure, irin sinadarin nan da ake sayarwa cikin buhu. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Hatsi ya tsotso shi daga ƙasa, mu muka ci hatsi, jiki ya fitar da saura. In muka mai da shi gona, ba a yi asarar komi ba.

A 2009 an gwada wannan dabara a ƙauyukan Agye, aka sa mata suna takin ruwa. Daga 2014 zuwa 2016 kuma, matan ƙungiyar FUMA Gaskiya ta Maraɗi sun gwada ta a gonakinsu tare da masu bincike na INRAN. Su suna ce mata Oga. Hatsin da aka ba takin ya fi wanda ba a ba ba da wajen kashi 30 cikin 100.

Ga yadda ake yi:

1. Tara fitsarin cikin bido, ka rufe shi gam. In ka bar shi buɗe, ƙarfin takin zai bi iska.
2. Aje shi wata 2 zuwa 3. A cikin wannan lokaci ure yana juyewa ya zama wani sinadari mai yaji da ke kashe ƙwayoyin cuta.
3. Gauraya shi da ruwa. Yi ɗan rami kusa da gindin hatsi, ka zuba, ka rufe da ƙasa. Kar ya taɓa ganye, yana ƙona shi.
4. In ka gama, ka wanke hannu da sabulu, ka sake tufafi kafin salla.

Bana ka gwada a kunya 5 kawai, ka bar wasu 5 haka nan. Ranar girbi sai ka kwatanta, ka rubuta abin da ka samu.

Tambayoyi
1. Don me ake rufe bido?
2. Wata nawa ake aje takin?
3. Me ya sa ba a zuba shi bisa ganye?