ADHD a Wajen Yara: Yadda Ƙa'idojin Gano Ta Suka Canza

Bayani domin iyaye da masu riƙon yara

ADHD suna ne da likitoci suka ba matsalar da kan sa yaro ya kasa tattara hankalinsa, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya riƙa aikata abu kafin ya yi tunani. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Likita yana dogara ne da rubutattun ƙa'idoji, kuma an sha yi musu gyara.

Me ya canza?

A nan Amurka ana bin littafin da ake kira DSM. Bugun 1994 ya shar'anta cewa sai alamun sun bayyana kafin yaro ya cika shekara 7. Bugun 2013 ya mayar da iyakar shekara 12. Wannan gyara yana da amfani, domin ba kowane mai ADHD ne mai ƙiriniya ba. Akwai yaron da zai zauna shiru a aji alhali hankalinsa yana wani wuri. Ya manta aikin gida, ya yar da littafi, a ce masa malalaci. Irin wannan ba a cika lura da shi ba sai karatu ya yi nauyi, kuma 'yan mata sun fi faɗawa cikin wannan rukuni. Haka kuma, kafin 2013 ba a yarda a ce yaro yana da ADHD da otizim a lokaci ɗaya ba. Yanzu an yarda.

Saboda haka, idan an taɓa duba ɗanku aka ce ba shi da ita amma matsalar tana nan, kuna da damar neman a sake duba shi.

Me likita yake nema?

Ga yaron da bai kai shekara 17 ba, sai an sami alamu 6 cikin 9 na rashin tattara hankali, ko 6 cikin 9 na yawan motsi da gaggawa. Dole su kai wata 6, a gan su a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma su kasance suna kawo cikas ga karatu ko zaman tare.

Akwai buƙatar hattara. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa a jihohin da ake yanke shekarun shiga makaranta ran 1 ga Satumba, an fi cewa yaran da aka haifa a Agusta suna da ADHD fiye da na Satumba. Su ne ƙanana a ajinsu, kuma ƙuruciya ba ciwo ba ce. Rashin isasshen barci, raunin ji ko gani, damuwa, da ƙarancin Turanci a wajen yaron da bai daɗe da zuwa ƙasar ba, duk suna iya kama da ADHD.

Ranar ganin likita

Ku zo da sakamakon makaranta da takardar tambayoyin da malamin aji ya cike. Ku faɗa wa likita watan da aka haifi yaron da harshen da ake yi a gida. Idan kuna buƙatar tafinta, ku sanar tun lokacin da kuke karɓar rana, kyauta ne.