Kalmar "Longevity": Asalinta da Ma'anarta

Duk ɗalibin da ke nazarin ilimin halittu zai ci karo da kalmar Ingilishi "longevity", wadda ake furtawa kamar "lonjebiti". Ma'anarta ita ce tsawon rai, wato daɗewar halitta a raye.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 daga harshen Latin, inda ake cewa "longaevitas". Kalmomi biyu aka haɗa: "longus", wato dogo, da "aevum", wato zamani ko shekarun rayuwa. Daga saiwar "aevum" ɗin ne kuma aka sami "age" da "eternal" da "medieval". Wanda ya san wannan asali ba zai rubuta "longetivity" ba, kuskuren da kan jawo asarar maki a jarrabawa.

Sai dai babban ruɗanin shi ne gwama ta da "life expectancy", wato matsakaicin shekarun da ake sa ran jariri zai yi a duniya. Alal misali, a ce an haifi yara biyu, ɗaya ya rasu yana da shekara 1, ɗayan kuwa ya kai 79. Matsakaicin shekarunsu 40 ke nan, alhali babu wanda ya mutu a 40. Saboda haka, idan aka ce matsakaicin wata al'umma ta dā bai wuce 35 ba, ba a nufin babu tsofaffi a cikinta. Yawan mace-macen jarirai ne ya jawo lissafin ƙasa.

Tsawon rai kuwa ya bambanta daga halitta zuwa halitta. A cikin mutane, wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta ƙasar Faransa, wadda aka haifa a 1875, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. A 2006 an tsamo wani ɗan dangin dodon koɗi mai ɓawo biyu daga tekun Aisilan. Da masana suka ƙirga layukan da ɓawonsa ke ƙarawa kowace shekara, sai suka tarar ya shekara 507.

Don haka, ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa bambancin: "longevity" na magana ne kan nisan da rai ya kai, "life expectancy" kuwa lissafi ne na jama'a baki ɗaya.