Tsaiwar Fitsari Ga Dattawa: Ina Iyakar Sassaƙe Da Abinci?

Ina neman ahuwa tun da fari, domin maganar da zan kawo ta manya ce, ba a saba jin ta a bakin yaro ba. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Akwai wani ciwo da ke damun iyayenmu maza da kakanninmu, tun daga Ƙauran Namoda har Zurmi da Shinkafi. Kunya ta hana su faɗi, mu kuma ladabi ya hana mu tambaya. Masu cin ribar wannan shiru kuwa su ne masu tallan magani. Saboda haka na tattara abin da na koya a darasin kimiyya da abin da na karanta, don mu amfana baki ɗaya.

Mene ne ciwon?

Kowane namiji yana da wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin mafitsararsa, likitoci suna kiransa furostet. Ga saurayi, girmansa bai wuce na goro madaidaici ba, nauyinsa kamar giram 20. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In mutum ya manyanta, sai ƙululun nan ya riƙa girma sannu a hankali har ya matse hanyar, kamar yadda ruwa yake raguwa in an taka tiyo. Masana sun ce wajen rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da wannan girma, waɗanda suka wuce 80 kuwa har tara cikin goma, ko da yake ba kowa yake wahalarwa ba.

Alamunsa su ne: tashi fitsari sau da yawa cikin dare, jinkiri kafin ya fito, fita ba ƙarfi, ɗiga bayan an gama, da jin kamar da saura. Dattijo mai kula da tsarkinsa ya san nauyin wannan, domin ɗigon nan ya kan sa shi sake alwala da sauya wando, wani har ya fara jin nauyin shiga sahu. In abin ya yi nisa, fitsari ya kan tsaya cak. Fitsarin da ke kwana a mafitsara kuma yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, yana iya danne ƙoda har ta lalace.

Wannan girma ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama daji. Amma fa dajin furostet yana iya zuwa da irin waɗannan alamu, ya kuma fi kama baƙar fata. Ciwon sukari ma yana sa yawan fitsari, tsohon ciwon sanyi yana tsuke hanya, tsargiya tana sa jini. To, yaya mai magani zai rarrabe waɗannan duka daga bayan mota da lasifika?

Abin da gwaji ya nuna

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ya tsaya a tashar mota ta Ƙaura, ya ji ana tallan kwalba guda wadda wai tana maganin basir da sanyi da shawara da tsaiwar fitsari. Yanzu kuma ga waɗansu ƙwayoyi na ƙasashen waje cikin robobi masu ƙyalli, ana tallansu ta waya, ana cewa na itatuwa ne zalla. Bari mu duba manyansu.

Kafin nan, ya kamata mu san yadda ake gwada magani. A kan raba marasa lafiya kashi biyu. A ba kashi ɗaya maganin, a ba ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome a cikinta, ba kuma wanda ya san abin da aka ba shi. Dalili kuwa shi ne, ciwon nan ya kan yi sauƙi wani lokaci don kansa, sa'an nan mutum in ya sa rai ga abu ya kan ji dama-dama. Sai maganin ya fi ƙwayar banzan nan kafin a ce yana aiki.

Na farko, wani ɗan itace ne dangin goruba da ke fitowa a jihar Fulorida da maƙwabtanta a Amurka, sunansa na kimiyya Serenoa repens. Da 'ya'yansa ake yin galibin ƙwayoyin furostet na kanti. A 2006 aka bayyana sakamakon gwajinsa ga maza 225 na tsawon shekara guda, bai fi ƙwayar banza ba. Aka ce ko adadin ne ya yi kaɗan. Sai aka sake da maza 369 har mako 72, aka riɓanya adadin har sau uku. Sakamakon da ya fito a 2011 bai sāke ba.

Na biyu namu ne na Afirka, sassaƙen wani itace mai suna Prunus africana, wanda ke tsirowa a kan duwatsun Kamaru da Kenya da Madagaska. An daɗe ana kai ɓawonsa Turai. A 2002 masana suka haɗa gwaje-gwaje 18 da aka yi da maza 1,562, suka ga alamar yana ɗan rage wahala, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan lokaci kuma. Yawan sassaƙa ya kashe itatuwan da dama, har a 1995 aka sa shi cikin jerin waɗanda duniya ke sa ido kan cinikinsu.

Na uku yana cikin gidajenmu, watau 'ya'yan kabewa. A Jamus an gwada su ga maza 1,431 na wata 12, sakamakon ya fito a 2015. Waɗanda suka ci giram 5 safe da yamma sun ɗan fi samun sauƙi, amma ƙwayar da aka tace daga cikinsu ba ta fi ta banza ba. Ashe wadda muke zubarwa in an yi miyar taushe ta fi ta kwalba.

Kada kuma a ce abin da ake kira ƙarin abinci ba ya cuta. A wani babban gwaji da aka yi da maza fiye da 35,000, an gano a 2011 cewa masu shan ƙwayar bitamin E kullum sun fi saura kamuwa da dajin furostet da kashi 17 cikin 100. A 2002 kuma an janye wani haɗin itatuwa mai suna PC-SPES daga kasuwar Amurka, bayan an sami maganin tsinka jini na asibiti a cikinsa. In haka ta faru inda ake bincike sosai, ina ga kwalbar da ba ko suna a jikinta?

Namu na gida

Ba ina raina maganin gargajiya ba ne. Kakanninmu sun rayu da sabara da maɗaci da garahuni, zogale kuwa abinci ne mai gina jiki. Amma akwai abu biyu da za mu lura da su. Na ɗaya, yawancin jiƙon da ake ba mai wannan ciwo aikinsa ƙara yawan fitsari ne. Ƙara ruwa daban, buɗe hanya daban. Wanda magudanar gidansa ta toshe, in ya ƙara kwara ruwa, tsakar gida zai cika. Na biyu, a kan jefa kanwa cikin jiƙo, kanwa kuwa dangin gishiri ce, ba ta dace da mai hawan jini ko mai raunin ƙoda ba, dattawa da yawa kuwa suna da ɗaya daga ciki.

Ko kwalba tana da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a karanta takardar da kyau. Sau da yawa za a ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance abin da aka ce maganin yana warkarwa ba. Nan ne mu 'yan makaranta za mu yi wa iyayenmu amfani.

Abin da ke taimakawa

Akwai dabarun da ba su cin ko kwabo. A sha ruwa sosai da rana, a rage shi bayan magariba. A rage shayi da kofi da goro, musamman da dare, domin suna tsokanar mafitsara. In an gama fitsari a ɗan dakata, a sake gwadawa. A yawaita ganye irin su zogale da rama da yakuwa, da wake, don kada ciki ya ɗaure, domin ɗaurewar ciki tana ƙara matse hanya. A riƙa tafiya da ƙasa, a guji ƙiba. A kuma yi hattara da magungunan mura na kemis, domin waɗansunsu suna iya tsai da fitsarin dattijo ɗungum.

A asibiti, likita zai duba da hannu, ya auna fitsari, ya yi gwajin jinin da ake kira PSA in da bukata, ko ya ɗauki hoton ciki. Akwai ƙwaya mai suna tamsulosin da ke sassauta hanya cikin 'yan kwanaki, da finasteride da ke rage girman ƙululun cikin wata shida ko fiye. Likita ne zai zaɓa, domin ta farko ta kan sa jiri. In fitsari ya tsaya, a kan sa roba a fitar da shi nan take. In ta kama a yi aiki, akwai wanda ake yi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Asibitocinmu na gwamnati su kan tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Alamu huɗu ba sa jiran gobe: tsaiwar fitsari gaba ɗaya, jini a cikinsa, zazzaɓi tare da zafin fitsari, da ciwon baya ko ƙashi tare da rama. Duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba mai son tafiyar dare daga Zurmi ko Shinkafi zuwa Gusau. Gara mutum ya tafi da rana da ƙafarsa, da a ɗauko shi tsakar dare ana neman mota.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu su sani ciwon nan ba abin kunya ba ne, ba alhaki ba ne, ba sammu ba ne, tafiyar shekaru ce kamar furfura. A watan Janairu na 2024 Sarki Charles na Ingila ya bari aka sanar wa duniya cewa za a yi masa aikin wannan ciwo, don maza su je a duba su. Mu kuma 'yan'uwana, in mun koma hutu muka lura Baba ko Kaka yana yawan fita da buta cikin dare, kada mu tunkare shi gaba da gaba. Mu gaya wa Inna, ko wani baffa da yake jin maganarsa, mu karanta musu takardar magani, mu raka su asibiti. Kuɗin kwalba biyar ya isa kuɗin mota da na kati. Amfanin ilmi aiki da shi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba mu ikon yi musu hidima, amin.