DARASIN YAU: KALLI BAKIN KIFI KAFIN KA ZUBA SHI A TANKI



Wani ya turo min bidiyon kifi siriri mai dogon baki, yana tambaya ko za a iya kiwonsa a nan Dutse. Turawa na kiransa needlefish, wato kifin allura. Babban cikinsu yakan kai mita 1.5. Yana rayuwa a tekuna masu ɗumi, har da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a saman ruwa yake yawo yana farautar ƙananan kifaye. Da dare idan ya hango fitila yakan yi tsalle da gudu, har ya sha soke masunta. Ƙashinsa kore ne, amma ana cin namansa.

Amsa ita ce a'a. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, namu na burtsatse kuwa ruwan daɗi ne. Kada wani ya yaudare ka ka saka jarinka.

Amma akwai darasi a bakin nan nasa. Kifi mai haƙora ko faffaɗan baki yawanci mafarauci ne. Tsage haka yake, giwan ruwa ma haka. Ita kanta tarwadar da muke kiwo tana cin 'yan uwanta.

Ni da kaina na ɗanɗana. Farkon kiwona na zuba 'ya'yan tarwada, na bar su wata biyu ban tace ba. Ban taɓa ganin mushe ba, sai nake ta murna. Ranar da na zubar da ruwa, wallahi kusan rabi babu, sai wasu ƙatti 'yan kaɗan. Su suka cinye min riba.

Don haka:

1. Ka riƙa tacewa duk mako biyu a watanni biyun farko, manya daban, ƙanana daban.
2. Ka yi aikin da sassafe ko da yamma, kafin ka ba su abinci.
3. Kada ka bar su da yunwa, kuma girman ƙwayar abinci ya dace da bakinsu.
4. Kada ka ɗebo kifin da ba ka sani ba daga dam ɗin Warwade ko wani kududdufi ka haɗa da naka.

Kafin ka sayo iri, ka tanadi tanki na biyu, ko da na tamfol ne.

Kai yaushe rabonka da tace naka? Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.